Iskar Ƙarfe Huɗu

Ni na ja layukan filin Kalunga da hannuna, da ragowar fentin jirgin kamun kifi da wani tsohon buroshi. Shi ya sa in ana maganar yadda ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ta tashi da yadda ta faɗi, ba na barin kowa ya riga ni buɗe baki. Sunana Epalanga. Aji uku na yi a makaranta, shekara goma sha ɗaya a jiragen ruwa. Na ga Dakar, na ga Lisbon, na ga Santos, kuma har yau ba wanda ya taɓa sayar mini da kifin jiya.

Filin namu siminti ne zalla, ba rufi, a kan siririn tsirin yashin nan na Lobito, teku ta nan, ruwan tashar jirage ta can. Kwando ɗaya yana wajen coci, ɗayan wajen kasuwar kifi. Kullum ƙarfe huɗu na yamma iska takan taso daga teku ta ratsa filin ta gefe, ba ta makara, ba ta fashi. Duk wanda ya tashi a wannan simintin ya san cewa in zai jefa ƙwallo kwandon coci, sai ya saita tafin hannu ɗaya hagu da ƙarfen kwandon. In kwandon kasuwa ne, tafin hannu ɗaya dama. Iskar ce za ta ƙarasa aikin. Ba wanda ya koya musu, hannunsu ne ya koya.

Ni kuma na lura, na yi shiru, na riƙa sa duk wasanninmu na gida ƙarfe huɗu daidai.

Baƙi za su iso uku da rabi su fara motsa jiki. Duk abin da suka jefa yana shiga. Suna kallon simintinmu da ya tsage, suna kallon takalman 'yan wasanmu, suna taɓa juna suna dariya. Sai alƙali ya busa usur. Jifa na farko ya daki ƙarfe, na biyu ya daki allo, na uku ya wuce ko'ina bai taɓa ba. Kafin su gane abin da ke cin su, Sapalo ya zuba musu maki ashirin.

Sapalo ɗan masunta ne, bai cika tsawo ba, ƙafafunsa a gwame. In yana tafiya sai ka ce ya sauko daga kwale-kwale yanzu. Amma ya karɓi ƙwallo a bayan layin maki uku, ya ɗan karkata kai yana jin iskar a kunnensa, to ka rubuta uku kawai.

Shekara shida ba a ci mu a gida ba. A waje kam sai ture da gudu da addu'a, amma mukan tsinci abin da ya isa. Muka ɗauki kofin lardi, muka shiga rukuni na biyu, kuma ranar da muka haye rukuni na ɗaya garin nan bai yi aiki ba. Jiragen da ke tasha suka riƙa busa ƙaho suna amsa wa juna. Motocin haya suka jeru suna oda har Catumbela. Matan kasuwa suka ɗora Sapalo a kan baron kifi suka zagaya gari da shi, yana zaune cikin ɓawon kifi kamar ango. Aka gasa kifi a tsakiyar titi, ga wake da manja, ga tuwon masara, kowa ya miƙa hannu. Ni kaina na yi rawa har gwiwata ta kumbura.

Washegari Valdemiro Cangombe ya zo, mai manyan motoci da ɗakunan ƙanƙara. Dokar rukuni na ɗaya ta ce sai fili mai rufi da daɓen katako, mu kuwa ko laima ba mu da ita. Ya ce ya ba mu babban sitonsa na bakin ruwa, zai shimfiɗa katako, zai sa fitilu da fankoki, 'yan wasa su fara cin albashi. Kowa ya yi ta tafi. Na ja shi gefe.

"Maigida, ka ba mu rufi, ka ɗauke mana ɗan wasa ɗaya."

"Wane ɗan wasa, Kota?" Haka ake kiran irinmu masu furfura.

"Wanda ba ya cin albashi."

Ya dafa kafaɗata yana dariya. "Tsufa ya fara taɓa ka. Zan sayo maka biyar masu ƙafafu."

Ya ba ni makullan siton, ya ce daga yau ni ne mai gadin ƙofa. Na karɓa. A duniya na koyi cewa in an ba ka makulli ka riƙe, ko ba ka san ranar amfaninsa ba.

Siton ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Katako na walƙiya, ga allon maki mai wuta. Yana kwance layi ɗaya da tsohon filinmu, har muka ci gaba da cewa kwandon coci da kwandon kasuwa. Sai dai iska ba ta shiga. 'Yan wasanmu suka riƙa jifa tafin hannu ɗaya gefe, ƙwallo kuma ta riƙa tafiya inda aka aike ta. A atisaye sukan gyara, amma da wasa ya yi zafi sai hannu ya koma gida. Valdemiro ya fara sallamarsu ɗaya bayan ɗaya yana kawo 'yan Luanda. Kafin tsakiyar kaka saura mutum uku na da, su ma a benci, har da Sapalo.

Cikin sababbin akwai Gildo. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba, jifansa miƙe kamar an ja igiyar magini. Shi kaɗai ya riƙe mu muka ci 'yan wasannin da muka ci. Ba shi da girman kai kuma. Wata rana bayan atisaye ya zo ya zauna kusa da ni yana kwance takalmi.

"Kota, me ya sa 'yan garin nan duk suke jifa a karkace? Kuma karkacewar iri ɗaya."

Na dube shi. Ɗan Luanda ne, bana yana nan, baɗi yana can yana ba su labari.

"Gishiri ne," na ce. "Yana cin ido."

Ya yi dariya ya tafi.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Asabar, da wata ƙungiyar ma'aikatan banki daga Luanda. In mun ci mun tsaya, in an ci mu mun sauka. Valdemiro bai ɓoye ba. A gaban kowa ya ce shi ba ya ciyar da rukuni na biyu, in muka faɗi, ranar Litinin siton zai koma ɗaukar kaji masu ƙanƙara, ƙungiya kuma kowa ya kama gabansa.

Siton yana da manyan ƙofofi biyu na shigar mota, ɗaya ta teku, ɗaya ta tasha, suna kallon juna. Doka ta ce a rufe suke lokacin wasa, sai in wakilin gasa da kansa ya ce a buɗe. Na kwana biyu ina juya wannan "sai in", sannan na nufi kasuwa wajen Chilombo, shugabar masu sayar da kifi, wadda ta tura baron Sapalo a wancan karon.

"Yaya Chilombo, ranar Asabar ina son mata arba'in."

"A shekarunka? Ɗaya ma ta gagare ka."

"Ku taho kai tsaye daga kasuwa. Kada kowa ta yi wanka, kada ta canza zane. Ku zo da robobinku. Na ajiye muku benci uku a bayan teburin wakili."

Ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallona, sai ta fara dariya har ta dafa tebur. "Kai dai ba za ka mutu a gado ba, Epalanga."

An fara wasa uku da rabi cikin zafin Afrilu, sito cike har kan katanga. Fankoki huɗu cikin shida, ka san yadda kayan wuta suke, ranar suka ƙi tashi. Wakilin wani mai jiki ne cikin baƙar kwat. Kafin a gama zubin farko ya fito da hankici. 'Yan banki kuwa suna ta zuba mana, aka tafi hutun rabin lokaci sun ba mu ratar maki goma sha huɗu.

Chilombo ta sunkuyo ta bayansa da murfin roba. "Ranka ya daɗe, ka jiƙe sharkaf. Bari mu yi maka fifita." Mata goma suka ɗaga murafe suka fara kaɗa masa ƙarnin kifi.

Bai kai minti ɗaya ba ya miƙe. "Wa ke riƙe da makullan ƙofofin can?"

Na taho a hankali ina jan gwiwa. "Ni ne, ranka ya daɗe. Amma doka ta hana."

"Ni ne dokar a nan. Buɗe."

"To a ɗan rubuta mini. Ni ba ni da karatu, gobe kada a ce ni na yi."

Ya rubuta, ya sa hannu, na ninke na sa a aljihu. Agogona ya ce huɗu da minti goma.

Da na ture ƙofar teku, iskar ta shigo kamar wadda ta daɗe tsaye a waje tana jira. Takardun tebur suka tashi sama. Ragar kwanduna biyu ta karkata gefe. Na hango Sapalo a ƙarshen benci ya ɗaga kai, ya karkata kunne, ya miƙe yana cire rigar sama ba wanda ya kira shi. Koci ya dubi ragar, ya dubi Sapalo. Gildo ya jefa biyu suka kauce, koci ya zaunar da shi ya shigar da na da ɗin nan uku. Gildo ya lulluɓe kai da tawul.

Kwandon coci muke kai wa hari. Taɓawar Sapalo ta farko, ya saki ƙwallo hagu, sosai hagu, har wani ɗan banki ya juya zai tare ta a ƙasa. Ta lanƙwaso ta faɗa raga ba ta taɓa ƙarfe ba. Siton ya ɗauka da ihu. Suka kawo nasu hari, jifa mai kyau, ya daki ƙarfe ya dawo. Sapalo kuma. Uku. Matan kasuwa suka kife robobi suka mayar da su ganguna. Rata ta koma takwas, ta koma biyar. Kocinsu ya nemi hutu yana nuna ƙofa, wakili ya kawar da kai, ga sa hannunsa a aljihuna. Suka daina jifa daga nesa suka koma kutsawa ƙarƙashin kwando, dogaye ne, suka riƙa samu. Mu uku, su biyu. Mu uku, su biyu. Valdemiro da kansa ya hau kujera da takalmi.

Ni duk wannan daga bakin ƙofa nake gani, don iskar tana son maido ta, na tokare da kafaɗa.

Saura daƙiƙa bakwai, suna gaba da maki ɗaya, ƙwallo tamu. A nan aka kori ɗaya daga cikin na da, laifinsa ya cika biyar. Koci ya waiwaya benci ya cire tawul daga kan Gildo.

Aka jefo ƙwallo. Mutum biyu suka manne wa Sapalo, na uku yana tahowa. Ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya cilla wa wanda ke tsaye shi kaɗai a kusurwa. Sai da na ga ƙwallon a hannun Gildo na tuna da maganar gishiri.

Na buɗe maƙogwaro. "Hagu, Gildo! Tafin hannu hagu!"

Robobi arba'in na kaɗawa, wa zai ji tsoho a bakin ƙofa? Ya tashi sama, ya saki. Ban taɓa ganin jifa mai kyau irin wannan ba, miƙe, tsakiyar kwando sak. Iskar ta ɗauke ta tafin hannu ɗaya. Ta daki gefen ƙarfe, ta yi tsalle, ƙararrawa ta buga.

Ranar Litinin motocin kaji suka iso tun kafin a gama ɓamɓare katako. Na miƙa wa Valdemiro makullansa. Sababbin suka koma Luanda, Sapalo ya koma kwale-kwalen ƙaninsa, rigunanmu kuwa har yanzu nakan gan su a jikin masu tura baro.

Laraba da yamma ina zaune a tsohon filin, sai ga Gildo da jaka a kafaɗa da ƙwallo a hammata. Motarsa ta ƙarfe biyar ce. Sapalo ya riga ya gaya masa komai.

"Na tambaye ka, Kota."

"Ka tambaya."

"Da ka faɗa mini, da yanzu muna rukuni na ɗaya."

"Da na faɗa maka, da baɗi duk Luanda ta sani."

"To yanzu wa kake ɓoye wa?"

Ya ajiye jakar a kan layin da na ja, wanda ya kusa gogewa, ya tsaya a kusurwa yana fuskantar coci. Rigarsa ta fara kaɗawa. Ya saita hagu, hannunsa na ƙi, ya saki. Ta shiga. Ya ɗauko ya sake. Ta shiga. Na ƙirga goma sha ɗaya a jere kafin ya juya ya dubi ɗaya kwandon.

"Na kasuwa fa?"

"Dama," na ce. "Ka ƙara kaɗan, ƙarfensa ya ɗan sunkuya. Kuma motarka za ta tafi."

"Akwai ta gobe," ya ce, ya buga ƙwallo ya nufi can.