Jar Motar Oga Ejiofor

Motar ta yi tsalle ɗaya, ta ƙara na biyu, sai ga tayar gaba a bakin kwata. Malam Tanimu ya take birki da iya ƙarfinsa, injin ya mutu. Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, tun daga teburin mai shayi har matan da ke jiran ruwa a famfo.

"Malam! Ba tirela ba ne fa!" Oga Ejiofor ne daga baranda, yana zaune a kujerar roba, ƙafafunsa a kan bokitin da aka kife. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka taɓa shi kaɗan-kaɗan. Wannan ba ya son faɗa."

Malam Tanimu bai yi dariya ba. Ina dariya? Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana jan tirela, Jos zuwa Legas, Jos zuwa Maiduguri, bai taɓa buge ko akuya ba, yau shi wata 'yar mitsitsiyar mota za ta kunyata a ƙofar gidansa. Ya fito da ƙyar, sai da ya dafa ƙofa kafin gwiwoyinsa su yarda, ya tsaya yana hararar ta.

Ja ce jawur, kujera biyu kacal, ba rufi sai ɗan tamfol da ake naɗewa a baya. In ka zauna ciki ka sako hannu, kaɗan ya rage ka shafi kwalta. Kwana uku ke nan da aka kawo ta daga Kwatano, tsohuwar hannu amma fes, kuma tun ranar unguwar Nasarawa Gwom ba ta da wata hira. Wasu ma cewa suka yi Oga ya zare. Mutum mai shekara sittin da takwas, ga ciwon zuciya, ga ƙafafu a kumbure, ga jikoki, me zai yi da motar samari?

Tanimu dai ya san amsar. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ejiofor bakaniken manyan motoci ne, shi ke kwanciya a ƙarƙashin tirelar Tanimu tun suna da baƙin gashi. Lokacin da gari ya rikice, kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa, Ejiofor ya ce shi ba inda za shi, kuma bai je ba. Labarin motar kuwa Tanimu ya ji shi ya fi sau ɗari. Shekarar da Ejiofor ya zo Jos, yana kan keke a hanyar Vom, wani likitan dabbobi ya wuce shi a irinta, iska tana kaɗa masa riga. Tun ranar ya sa ta a rai. Sai da ya aurar da 'ya'ya, ya gina gida a garinsu, ya rufe gareji, sannan ya saye ta. Ranar da ta iso aka riƙo shi ya zauna a kujerar direba, ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci, ƙafar ta ƙi. Ya gwada sau uku. Sai ya zare makullin ya miƙa wa maƙwabcinsa.

"Vom kawai," ya ce. "Ka kai ni mu ga shanu, mu sha madara, mu dawo. Shi ke nan, ba na neman komai kuma."

To, yau Lahadi da yamma aka ce a gwada, ga abin da gwajin ya haifar. Tanimu ya hau barandar yana share gumi duk da sanyin damina.

"Oga, ka san ƙa'idata. Ba na ɗaukar rai a motar da ban san halinta ba. Ka ba ni mako guda."

"Mako guda? Kai da kake jan taya goma sha takwas?"

"Taya goma sha takwas suna jin magana. Wannan aljana ce."

Ejiofor ya sake dariya, amma ba ta yi tsawon ta farko ba. Matarsa Cordelia ta biyo Tanimu har bakin get, ta rage murya.

"Malam, abeg, kar koyon nan ya daɗe. Likita ya faɗa mini abin da bai faɗa masa ba."

"Haba Madam, rai ai na Allah ne. Zai warke, da kansa ma zai ja abarsa."

Abin da kowa ke faɗa a gidan maras lafiya ya faɗa, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Ya shiga gida hankalinsa yana kan kuloci.

Daga Litinin, da gari ya waye, sai ya fitar da ita hanyar Lamingo inda ba cunkoso. Wayyo, ya ga ta kansa. Hannunsa ya saba da sitiyari mai faɗin faranti babba, wannan kuwa bai fi murfin tukunya ba, ka ɗan motsa ta juya. In zai sha kwana sai ya buɗe can tsakiyar titi yana bar wa bodin tirela wuri, alhali ba komai a bayansa sai iska. Yana ta leƙen madubi yana neman wutsiyar da babu. Birki kuwa tun daga nesa yake fara takawa, motar ta tsaya cak, saura tafiya mai yawa kafin mahaɗa, 'yan keke mai ƙafa uku suna ta yi masa hon. Ranar Talata wata tirela ta wuce shi. Ya ɗaga kai ya ga notin tayarta daidai idonsa. Ashe haka muke a idon mutane, ya ce a ransa.

Kullum in ya dawo sai ya zarce barandar, Cordelia ta kawo shayi, ya zauna ya ba da rahoto.

"Giya na uku fa? Yaya yake?"

"Laushi, Oga. Ba a tura shi, nuna masa hanya kawai ake yi."

"Ehen! Na faɗa maka! Ƙaran injin fa, in ka taka?"

Tanimu ya kwaikwayi ƙarar da baki, dattijo da furfurarsa, Ejiofor ya lumshe ido yana kaɗa kai.

Ranar Laraba ya gano kanta. Bai san yadda aka yi ba. Ya shiga wata kwana a gefen dam ɗin Lamingo, hannunsa ya manta da tirela, motar ta bi kwanar sumul, ya taka totur ta amsa nan take. Iska ta cika masa riga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa ya shiga hancinsa, duwatsu suka riƙa wucewa ta kansa ba gilashi ba rufi. Hularsa ta tashi, bai ko tsaya nema ba. Sai jin kansa ya yi yana ihu shi kaɗai a titi. Shekara talatin da huɗu yana tuƙi don abinci, bai taɓa sanin ana tuƙi don daɗi ba. Da ya dawo ya ba da labarin hular, Ejiofor ya buga cinya.

"To ka iya ke nan. Gobe."

Alhamis ta zo da rana, irin wadda ba a cika samu a watan Agusta ba. Tanimu ya leƙo da hantsi ya tarar da Ejiofor a shirye: rigar sanyi mai ruwan toka, hular ulu har kunne, silifas da aka yanke bakinsu don ƙafar ta shiga. Cordelia tana tsaye a bayansa da filo a hannu.

"Malam, yau ne," in ji Ejiofor. "Dubi sama."

Tanimu ya dubi sama, ya dubi motar, ya dubi yadda ƙirjin abokinsa ke hawa da sauka. Sai ya tuna ramukan hanyar Bukuru, da tirelolin da ke sauka can, da notin tayar nan.

"Oga, birkin yana ɗan ja hagu."

"Birki lafiya yake. Ni na duba shi, a zaune na duba."

"Kuma ban bi hanyar Vom da ita ba tukuna. Ba na kai mutum hanyar da ban auna ba. Gobe in je in ga ramuka, jibi Asabar mu tafi. Wallahi Asabar."

Cordelia ta buɗe baki, mijin ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon Tanimu, ba fushi a fuskarsa.

"Direba," ya ce, "kai ba ka taɓa buge akuya ba." Ya cire hular ulun ya ɗora a gwiwa. "To. Asabar."

Birkin nan ba abin da ya same shi. Tsoro ne kawai, tsoron kada a ce a hannun Tanimu wani abu ya samu Oga, kuma Tanimu ya san haka tun kafin ya sauka daga barandar.

Juma'a da sassafe ya kama hanya. Ya wuce Bukuru, ya karya kwanar Vom, yana ƙirga ramuka yana haddace su: biyu kafin gada, ɗaya babba bayan coci, a bi ta dama. Daga nan hanya ta buɗe. Ga gonakin dankali kore shar, ga shanu baƙi da fari suna kiwo a bayan waya, ga duwatsu an ɗora wani kan wani. Ya taka ta yadda bai taɓa takawa ba, ta tafi kamar ba ta taɓa ƙasa. Gobe Oga zai yi kuka don daɗi, ya ce. Ya tsaya ya sayi madara gora biyu masu sanyi, ya ajiye a kujerar gefe, ya juyo.

Tun daga bakin layi ya fara danna hon, pim-pim, pim-pim, yadda Ejiofor ke so. Mai shayi ya miƙe tsaye yana yi masa alama da hannu ya daina. Sai a lokacin ya ga takalma a barandar, da yawa, na mata da na maza. Kujerar roba tana nan, bokitin yana kife a gabanta.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Bai san ya kashe motar ba, bai san ya ɗauko gorunan ba. A falo ya tarar da Cordelia a ƙasa, matan cocinsu sun kewaye ta. Ta ɗago ta gan shi, ta ga abin da ke hannunsa.

"Ya ji lokacin da ka tayar da motar da safe," ta ce. "Ya ce, ka ji Malam, yanzu ba ya kashe injin. Ya ce in kawo masa ruwan zafi. Kafin in dawo daga kicin..."

Ba ta zarge shi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya a tsakiyar falon mutane da madara a hannu biyu, sanyinta yana ɗiga a kan tabarma, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Sau biyar ya ja motar nan, har ya ji daɗinta. Mai ita ko sau ɗaya tayarta ba ta juya da shi a ciki ba.

Su mutanen Ejiofor ba sa binne mutum a baƙon wuri, gida ake kai shi. Mako uku gawar tana mutuware ana shirye-shirye, mako uku motar tana ƙarƙashin tamfol, Tanimu yana zagayawa ta bayan layi in za shi masallaci don kada ya gan ta. Ana gobe za a tafi, Adanna, babbar 'yar marigayin, ta yi sallama a ƙofarsa da makulli a hannu.

"Baba, Mama ta ce a wurinmu hoton mamaci ne ke shiga gaba in za a fita da shi. Ta ce ba motar da za ta ɗauki hoton sai tasa. Kai za ka ja, ka raka mu zuwa bayan gari."

"Adanna, ni? Ni da na hana shi?"

"Ta ce kai ya ba makulli."

Da safe aka kawo akwatin ƙofar gida, aka yi waƙoƙi, aka yi addu'a. Maƙwabta Musulmi suka jeru a gefen kwata, hannuwa a harɗe. Adanna ta kawo hoton, babba mai firam, Ejiofor cikin rigar da ya sa ranar bikin aurenta yana dariya. Ta jingina shi a kujerar gefe. Tanimu ya miƙa hannu ya jawo bel ya ɗaure shi, Cordelia ta zo ta ajiye hular ulun a gindin hoton.

Ya tayar da motar, ta tashi lafiya lau, ba tsalle. Ba wanda ya yi dariya. Ya bi ta gaban tsohon garejin a hankali, motar gawa a bayansa, bas biyu a bayanta. A hanyar Bukuru ya kauce wa kowane rami, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya haddace su.

A mahaɗar Vom ya sa sigina ya sauka gefen titi, nan aka yi za a rabu. Adanna ta fito daga bas ta zo ta zare hoton ta ƙarƙashin bel ɗin, ta rungume shi a ƙirji.

"Mun gode, Baba. Sai mun dawo."

"Allah ya kai ku lafiya. Allah ya ba ku haƙuri."

Motar gawa ta wuce, bas biyun suka bi ta, suka miƙe kudu har suka ɓace. Tanimu bai kashe injin ba. Ga hanyar Vom nan a damansa, ba kowa a kanta sai wata mata da itace a ka. Yayyafi ya fara sauka a kan sitiyari, da kan hannunsa, da kan kujerar gefe, inda bel ɗin yake a ɗaure har yanzu, hular ulun tana kwance a ƙarƙashinsa. Siginar tana ta ƙyaftawa.