Zanen da Ilham Ta Yi wa Malama Turai

Tun da aka cire baƙin allo daga ajin Malama Turai aka kafa wani ƙaton allon kwamfuta a wurinsa, koyarwa ta zame mata aiki biyu. Makarantar kuɗi ce a Malali, kuma mai ita, Alhaji Lawan, ya riga ya sa hoton allon a fostar neman ɗalibai. In akwai wuta babu sabis, in sabis ya zo sai allon ya tsaya yana juya wani ɗan zobe a tsakiyarsa, yara na kallo, ita ma tana kallo. Da ta gaji, sai ta koma rubuta lissafi da alli a jikin ƙofar aji.

Wata Laraba firinsifal, Malam Hamisu, ya aika a kira ta. Ko gama gaisawa ba su yi ba ya miƙo mata wayarsa.

"Malama, duba abin da ke yawo a guruf ɗin iyaye."

Zane ne na biro. Ga allon nan zaune a kujerar malami, ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana sharar barci. A gabansa wata mata mai tabarau ta durƙusa tana yi masa fifita da littafin lissafi, tana cewa, "Ranka ya daɗe, ko za a tashi? Yara sun iso." Malama Turai ce sak, har yadda mayafinta ke zamewa daga kafaɗar hagu an zana. Dariya ta taso mata, ta danne.

"Ilham ce ta zana, 'yar ajinki," in ji Malam Hamisu. "Alhaji ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce a hukunta ta, ke kuma ki shaida wa iyaye allon yana aiki."

"Malam, ai ba ya aiki."

"Na sani." Ya murza idanunsa. "Mai gyaran ma ya daina ɗaukar wayata."

Da aka tashi tara ta kira Ilham gefe. Yarinyar ta zo tana murɗa bakin hijabinta.

"Malama, wallahi ba raina ki na yi ba. Tausayinki nake ji. Kullum sai kin roƙe shi."

Maganar ta fi zanen shigar ta. Shekarun da ta yi tana koyarwa, yara sun ji tsoronta, wasu sun so ta, amma ba ta taɓa zaton za a kai ranar da za su ji tausayinta ba. Ta dai sa yarinyar sharar aji na mako guda, don a ce an yi hukunci. Maganar iyaye kuwa ta bar ta. Malam Hamisu bai sake tambaya ba, Alhaji ma da jarrabawa ta matso sai ya manta.

Ilham ta yi shararta ba gardama. Sai dai daga nan ta daina zane. A da kowane shafin aikinta akwai ɗan mutum a gefe, ko akuya da tabarau, ko mai keke yana faɗa da fasinja. Yanzu sai lissafi kawai, tsaf, babu ko ɗigo. Duk lokacin da Malama Turai ta zo kan aikinta wajen maki, sai ta daɗe tana duban gefen shafin kafin ta sa jan biro.