Sukari a Gwangwanin Maɓallai

Ina aji uku a sakandare likita ya ce ina da ciwon sukari, irin wanda sai da allura kullum. Dangi suka yi ta zuwa jaje kamar an yi rasuwa. Wata gwaggona har cewa ta yi a cire ni daga makaranta, wai kar a wahalar da marar lafiya. Ni kuwa na koyi yi wa kaina allura a cinya, na ci gaba da zuwa ta ɗaya a aji, ko don ta ji haushi.

Umma ce ta kafa doka: tunda an hana ni, kowa ma ya haƙura. Ta kwashe sukarin gidan kaf ta kyautar. Baba, wanda shagon ɗinkinsa ke ƙofar gida, ya koma kurɓar shayi yana yamutsa fuska. Kaka ta ce ita dama zaƙi bai taɓa damun ta ba.

Na sha gaya wa Umma cewa allurar kan sauke sukarin jini fiye da kima, don haka dole a ajiye abin zaƙi a kusa.

"Ke dai da bokonki," in ji ta. "Guba ba ta kwana a gidana."

Sai na koma ɓoye alawa a jakata, har na kai shekarar ƙarshe a jami'a.

Ranar da zan kare bincikena a gaban malamai, na yi allura da safe, na duƙufa bitar takardu, na manta ban karya ba. Ina ɗaure takalmi gumi ya keto mini. Hannuwana suka hau rawa, ƙofar ɗaki ta zama biyu. Na laluba jaka, alawa ta ƙare tun jiya. In na sume, digirin sai baɗi, in ma na farka.

"Umma, sukari! Ya sauka!"

"Sukari kuma? So kike in kashe ki da hannuna?"

"Rashinsa ne zai kashe ni!"

Ta ga idona ba wasa. Ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Ko ƙwaya babu a gidan nan!"

Sai ga Baba a guje, igiyar awo rataye a wuya, rungume da gwangwanin maɓallansa. Ya juye shi a kan tabarma. Maɓallai kaɗan ne a sama, sauran duk ƙwayoyin sukari ne. Bai gama tura mini biyu a baki ba Kaka ta fito tana ɗingishi, da kwalbar zuma da aka sha fiye da rabi.

"Ta tari ce," ta ce, tun ba a tambaye ta ba.

Na tsotsa, na jira. A hankali ƙofa ta koma ɗaya, rawar ta tsaya. Umma ta miƙo mini burodi, sannan ta juya ta kama ƙugu.

"Ashe ni kaɗai nake shan shayi salam shekara da shekaru?"

"Maganin gaggawa ne na tanada wa 'yata," in ji Baba.

"Shi ya sa tumbi yake ta gaba!" in ji Umma, ta juya ga Kaka. "Inna, ke ma?"

"Ke, yarinya, ni na haifi mijinki. Tarina ba a sa masa ido."

Na yi dariya har da hawaye. Na ce duk su shirya, gobe da na'urata ta auna sukari zan gwada jininsu ɗaya bayan ɗaya, mai tari ce ta farko.

"Ja'ira!" in ji Kaka. "Da na sani na bar ki da maɓallai."

Umma ta ɗibi sukari da hannunta ta cusa mini a aljihu. "Tashi ki tafi. Saura ki faɗi a gaban mutane."

Ban faɗi ba. Na tsaya tsaf na amsa tambayoyinsu har suka gaji suka tafa mini. Da na fito na sa hannu a aljihu, sai na zaro ƙwayar sukari da wani jan maɓalli manne a jikinta. Sukarin na ajiye don gaba. Maɓallin kuwa na sa Baba ya ɗinka mini shi a rigar yaye ɗalibai, daidai ƙirji, inda gwaggo za ta gani.