Ƙarfe a Cinyar Auta

Magana ta zaga dangi cewa ƙanena Auta ya ƙi a dasa masa ƙashin mamaci a cinya, wai yana tsoron mai ƙashin ya riƙa zuwar masa a mafarki. Ban yarda ba. Mutumin da ya yi furfura yana sarar ƙashi a mahauta, ba ƙashi ne zai razana shi ba. Na ɗauki sandata na tafi asibiti.

Tun da ƙuruciyarsa aka sa masa ƙarfe a ƙugu bayan hatsarin mota. Yanzu ƙarfen ya saki, ya cinye ƙashin cinyar. Na same shi kwance, wata likita na tsaye a kansa.

"Nuna mata hoton ƙashin, likita," in ji shi. "In ba haka ba, Yaya ba za ta bar mu mu sha ruwa ba."

Likitar ta ɗaga hoton wajen haske. Abin da ya rage na ƙashin bai fi ɓawon ƙwai kauri ba.

"Hanya biyu ce, Mama. Ko mu haɗa nasa da ƙashin wanda ya rasu ya bar izini a taimaki wani. Zai yi watanni bai taka ƙafar ba kafin su kama juna, amma in an sake buɗewa wata rana, akwai abin ginawa a kai. Ko mu cire wanda ya lalace, mu sa ƙarfe a gurbinsa. Zai taka da wuri, amma ranar da ya lalace, gyara zai yi wuya. Shi ƙarfen ya zaɓa."

Da ta fita na ja kujera.

"Fatalwa kake tsoro, Auta?"

"Ni da na girma a hannunki, Yaya, wace fatalwa ce ta rage?"

"To, wa ya baza zancen mafarki?"

"Ni."

Sai a lokacin na lura babu kwanon abinci a gefen gadon. Matarsa kuwa ba ta taɓa barinsa ya ci na waje ba. Na tambaye shi ina take.

Ya daɗe yana murza gefen zanen gado.

"Tana gida. Ciwon daji ne, ya kai hanta. Ta roƙe ni kada dangi su ji, ba ta son a zo a zauna mata ana kuka. Maƙwabciya ce ke duba ta, amma ba ta yarda kowa ya ɗaga ta ko ya juya ta sai ni."

"Kai kuma nan gaba fa? In ƙarfen ya saki?"

"Sai in zauna, Yaya. Wajen wa zan je?"

Na riƙe hannunsa.

Auta bai ji tsoron ƙashin mamaci ba. Ƙashin yana buƙatar watanni kafin ya kama, matarsa kuwa ba ta da waɗannan watannin.