Jirgin Mas'ud da Sifanar Surukinsa

Duk wanda ya kai wayarsa gyara wurin Mas'ud a Kiru ya san sai ya yi haƙuri, don rabin hankalin mai gyaran yana bayan shago. A can, ƙarƙashin wata rumfar kwano, yake ƙera jirgin yaƙi. Ba na shiga ba ne, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa ne, amma fa ba abin wasan yara ba: ko ka miƙe hannuwanka biyu iya miƙewa, fukafukansa sun fi su tsawo. Samfurin wani tsohon jirgi ne na zamanin yaƙin duniya da ya gani a waya ya ƙwallafa rai a kansa, mai zanen baki da haƙora a hanci. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, yana nan yana yanka falanki, yana goge farin soso irin na kwalin firji, yana liƙawa, yana ɓarewa ya sake. Ƙanana ya sha ƙerawa sun tashi, wasu sun dawo, wasu suna kan rufin mutane har yau. Wannan kuwa shi ne babban, shi ne ya zuba wa ransa gaba ɗaya.

Mu mutanen gari ba mu rage shi da komai ba. Mun sa masa suna Direban Sama, muna tambayarsa ko akwai kujerar gaba in za shi Makka. Yana dariya, amma abin yana cinsa. So yake rana ɗaya jirgin nan ya zagaya saman Kiru ya sauka lafiya a gabanmu, mu rasa bakin magana.

Injin a Doguwa ya samo shi, wurin masu yankan itace. Tsohon injin zarto ne, ya raba shi da sarƙarsa da mariƙinsa, ya wanke, ya ɗaura masa farfela. Wajen kafa shi a hancin jirgin akwai wata dabara da masu wannan harka suka sani. Farfela in tana juyawa da ƙarfi, murɗa jirgin take yi zuwa hagu, tana kuma ɗaga masa hanci. Saboda haka ba a kafa injin a miƙe sak. Sai a cusa 'yan washa, zobban ƙarfen nan da ake sawa ƙarƙashin noti, a bayansa ta gefe guda, ya ɗan karkata dama, ya ɗan sunkuya ƙasa. Ga ido abin kamar aikin wanda bai iya ba, amma a sama wannan karkatar ce ke miƙar da jirgi. Mas'ud ya auna, ya sake aunawa, ya ɗaure notinsa, ya koma gefe yana kallon karkataccen injinsa cike da jin daɗi.

Ana cikin haka Malam Balarabe ya shigo gari cin kasuwa.

Malam Balarabe shi ne mahaifin Muhsina, matar Mas'ud. A Ba'awa yake zaune, kuma daga Bebeji har Tudun Wada babu mai injin niƙa ko injin ban ruwa da bai san shi ba. Dattijo ne mai kirki, marar hayaniya, wanda sifana ba ta rabuwa da aljihunsa ko ɗaurin aure za shi. Aƙidarsa a sana'a ɗaya ce: injin da bai zauna daidai ba, kansa zai ci. A kan injin niƙa kuwa gaskiyarsa ce, babu mai ja da shi.

Da ya yi sallama a bakin shago, Mas'ud ya yi abin da kowane ɗan mutunci ke yi. Ya zame takalmi, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa, ya yi gaisuwa har ta ƙare ya sake ɗauko ta daga farko. Sannan ya lalubo uzuri, wai zai je ya samo ruwan sanyi, ya sulale. Ai ba a zama ana haɗa ido da suruki. Haka ya bar dattijon shi kaɗai da jirgi, ga kuma sifana a aljihu.

Ya daɗe bai dawo ba, don jimawar ma ladabi ce. Ko da ya dawo, Malam Balarabe ya tafi, injin kuma yana zaune a miƙe kamar an ja masa zare. Washan suna jere a kan benci, an ma goge su.

Mas'ud ya dafe kai. Ya gane abin da ya faru sarai. Baba ya ga karkata, ya ji kunya a madadinsa, ya gyara masa a asirce don kada wani ya gani ya yi dariya. Kyautatawa ce tsantsa, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Ya mayar da washansa. Kasuwa ta zagayo, Malam Balarabe ya zo, Mas'ud ya durƙusa ya gaishe shi ya tafi neman ruwan sanyi, inji ya sake miƙewa. A ganin dattijon, jijjiga ce ke kwance aikin, ko kuma hannun yaron ne bai faɗa ba tukuna. Ko ɗaya bai kawo a ransa cewa mutum mai hankali zai karkata inji da gangan ba.

Da abin ya ishi Mas'ud, sai ya kai ƙara wurin Muhsina, tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Don Allah in kin je gida ki yi wa Baba bayani. Ki ce da gangan nake karkata shi."

Ta ɗago ta dube shi. "Ni? In je in ce wa Baba bai san inji ba? Mutumin da da inji ya ciyar da mu ya aurar da mu?"

"Ban ce bai sani ba. Na jirgi daban ne da na niƙa."

"To kai da ka san bambancin, me ya hana ka faɗa masa?"

"Haba, Muhsina. Da wane bakin?"

"Au, nawa bakin ne na aro?"

Duk da haka ta yi alkawari za ta gwada. Ta je Ba'awa, ta zauna gaban mahaifinta, ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne: "Baba, ya ce a gaishe ka, ya ga aikin da kake yi masa." Malam Balarabe ya ji daɗi ƙwarai. Ya haɗo ta da gyaɗa, ya ce ta gaya wa mijinta kada ya damu, in Allah ya yarda ba zai ɗauke ido daga kan injin ba.

Daga nan Mas'ud ya koma ga dabara. Ya ƙera murfin hancin jirgin da wuri, ya mayar da washansa, ya rufe injin ruf, ya ɗaure da ƙananan kusoshi, ya shafe da fenti. Farfela kawai ake gani. Ya kuma sa ranar tashi a ranar da ba ta kasuwa ba, bayan la'asar, a filin ƙwallon makarantar firamare. Bai gayyaci kowa ba sai Labaran, tela maƙwabcin shagonsa, wanda zai riƙe masa jelar jirgi. Sai dai gaya wa Labaran magana daidai yake da gaya wa mai shela.

Kafin su gama haɗa fukafukai fili ya cika. Masu shayi sun bar teburansu, 'yan achaɓa sun jera babura, har da wasu Fulani da suka tsaya da sandunansu a kafaɗa suna kallon ikon Allah. Jirgin kuwa ya yi kyau, wannan ko maƙiyinsa ya yarda. Mu da muka zo dariya sai muka samu kanmu muna cewa masha Allah.

Can sai ga babura biyu sun tsaya. Malam Balarabe ne cikin babbar riga, tare da abokansa dattawa daga Ba'awa, waɗanda ya shaida wa cewa shi ya zaunar da injin jirgin surukinsa. Mas'ud ya yi maza ya tarbe su. Ya zame takalmi ya durƙusa a kan ciyawa.

Bayan gaisuwa, dattijon ya zagaya jirgin, ya tsaya a gabansa, ya rufe ido ɗaya ya dubi farfela. Mutumin da ya shekara arba'in yana duban inji, fenti ba ya ruɗinsa.

"Malam Mas'udu," ya ce a hankali, "ɗan buɗe mana murfin nan."

Mas'ud ya buɗe. Malam Balarabe ya leƙa, ya ga washa. Sai ya juya wa jama'a baya, ya baza hannun babbar rigarsa ya kare hancin jirgin don kada abokansa su ga abin kunya, ya zaro sifana. Cikin ɗan lokaci ya gama. Wannan karon bai jera washan a ko'ina ba, aljihu ya zuba su.

Mas'ud yana durƙushe yana kallo. Magana ɗaya ce za ta ceci aikinsa, kuma tana nan a kan harshensa. Sai dai faɗinta yana nufin ya ce wa uban matarsa ya yi kuskure, a gaban abokansa da ya ɗauko tun daga Ba'awa, a gaban rabin Kiru, a kan abu ɗaya tak da duniya ta san shi da shi. Ya ɗago kai kaɗan, ya ga yadda fuskar tsohon ke walƙiya da alfahari, ya haɗiye maganarsa.

Labaran, wanda ya san labarin tun daga tushe, ya sunkuyo ya raɗa masa: "Ka ce inji ya ƙi tashi. Dama ai yana yi maka gardama. Mu ɗage zuwa gobe."

Shawara ce mai kyau, don injin nan bai taɓa tashi ba sai an sha wahala. Amma kafin Mas'ud ya motsa, Malam Balarabe ya kara kunne, ya ɗan murɗa wani ƙaramin noti a jikin kafireto, ya kaɗa farfela da hannu. Bugu ɗaya injin ya kama, da wata murya mai daɗi da Mas'ud bai taɓa jin ya yi ba. Fili ya ɗauki sowa. Dattawan Ba'awa suna gyaɗa kai suna cewa ai Balarabe ne. Uzuri ya ƙare.

Mas'ud ya miƙe ya ɗauki rimot. Ya gaya wa kansa cewa zai iya tare jirgin da jela, in ya ja hagu shi kuma ya danna dama. Ya yi bisimilla, ya ce wa Labaran ya saki.

Jirgin ya zabura. Tun a ƙasa ya fara jan hagu, Mas'ud ya taro shi, ya sake ja, ya sake tarowa. Tayoyi suka bar ƙasa. Wallahi ya tashi, mu shaida ne, mun ga hasken rana a ƙarƙashin cikinsa, mun ga haƙoran nan sun nufi sama. Sai hancin ya ɗaga fiye da kima, fiffiken hagu ya nutse, jirgin ya kife kamar an juya faranti, ya nufi tsamiyar da ke bayan azuzuwa da dukkan ƙarfin da Malam Balarabe ya ƙara masa. Ƙarar ba ta ma yi yawa ba. Farin soso ya dinga saukowa daga cikin rassa.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da mun yi da ya fi masa sauƙi. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna cewa Allah ya mayar da alheri. Mas'ud ya taka zuwa gindin tsamiyar, ya tsaya a kan aikinsa. Babu abin da za a liƙa, babu abin da za a ɗinke. Ya ɗauki wani ɓallin falanki mai rabin haƙori a jiki, yana juya shi, idonsa ya cika da ƙwalla.

Malam Balarabe ya iso a bayansa. Ya tsuguna da ƙyar, ya yaye tarkace, ya ciro injin, ya busa masa ƙasa, ya duba shi gaba da baya. Ya waiga ya tabbata babu kowa kusa, sannan ya yi ƙasa da murya.

"Ka yi haƙuri, Malam Mas'udu. Haka Allah ya so. Ka ga dai inji lafiyarsa ƙalau, yana nan a miƙe yadda na bar shi. Ina jin daga fiffike ne, ko iska." Ya ƙara matsowa kusa. "Zancen karkatar nan kuwa da kake ta yi, daga ni sai kai. Abokaina ba su gani ba. Ko Muhsina ban taɓa gaya wa ba, ba kuma zan gaya mata ba. Kowa da inda hannunsa bai kai ba, kuma ni ba zan tona asirin mijin 'yata ba."

Mas'ud ya ji takaici da ƙauna a haɗe, ya kasa raba su. Ya zame takalminsa, ya durƙusa a cikin tarkacen jirginsa, ya kafa ido a ƙasa.

"Na gode, Baba," ya ce. "Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini."