Inna a Kujerar Gaba

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ina jin ƙanshin fetur da gishirin teku a hancina.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi. Sunana Munzali, tayal nake sayarwa a Funtuwa, kuma tun bara nake shirin kwasar iyalina a mota mu bi hanya har bakin teku a Kwatano. Matata Hansatu ta yarda. Yarana Walida da Sadiku har sun gama gaya wa 'yan ajinsu. Inna ce, mahaifiyata, ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi ta gaske. Ba ta zama kusa da ni, ba ta kallon idona, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. Ga furfura a gemuna, amma abin yana ci mini rai har yau.

A mafarkin na fito ƙofar gida da hantsi, sai ga motar tsere ja wur, ba rufi, cikinta kamar zai shafi ƙasa, an ɗaure ta a turke tana cin dusa. Ban yi mamaki ba, na san tawa ce. Na shafa goshinta ta yi gurnani. Na leƙa ciki na tarar kujera biyu ce kacal, mu kuwa mu biyar ne.

Sai na gan ni a kasuwa, layin 'yan yadi, inda ake sayar da hanyoyi. Wata akuya ce a rumfar, da tabarau a hanci da igiyar awo a wuya.

Na ce, "Hanya nake so ta ƙasar waje, mai kyan kallo."

Ta ce, "Ta tafiya da iyali ko ta guje musu?"

"Ta tafiya da su."

Ta jawo wani bandir ta warware. Ramuka ne tun daga farko har ƙarshe. Ta ce wannan saƙar gida ce, ba ta koɗewa. Na ce ta nuna mini wata. Ta hau tsani ta sauko da ta can sama, tana warwarewa sai ga duwatsu kore shar a dama, teku a hagu, itatuwan kwakwa jere, har ruwan ya fantsamo ya jiƙa mini hannun riga.

Na ce, "Ita. Ki ƙara mini faɗuwar rana a tsakiya."

"Da tsohuwa a tafiyar?"

"Da ita. Don ita ma ake yi."

"To sai an rage mata kwana-kwana." Ta sa haƙori ta gutsure duk wata muguwar kwana ta tauna ta haɗiye. Tana naɗe mini ta ce, "Aro ne fa, rana na faɗuwa zan zo in naɗe kayana. Kuma akwai iyaka a tsakiya. Wannan ba ni na ɗinka ta ba, kar ka zo mini da ƙorafi."

Na dawo gida da hanya a kafaɗa na tarar Hansatu ta gama da matsalar kujera. Ta jiƙa motar a baho kamar wake, ta kumbura ta fito da kujerun baya. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Baban Walida, da ka bar mini shirin nan tun bara, da yanzu mun je mun dawo."

Ana cikin haka ruwan sama ya tsuge daga ƙasa yana hawa sama. Maƙwabta suka fara shigowa, kowa tsaye a cikin lemarsa, kowa da saƙon da za a kai wa ɗan'uwansa a can. An kawo ƙuliƙuli, an kawo daddawa. Malam Tasi'u na bayan gidanmu ya kawo rijiyarsa a ɗaure cikin buhu, ya ce a kai wa ƙanensa, kuma a riƙe ta a tsaye. Wata mata ta kawo tarin mijinta, wai ko iskar teku za ta yi masa amfani. Ba wanda ya tambayi girman motar, ni ma ban iya ce wa kowa a'a ba. Kafin a jima baya ta cika maƙil da Hansatu da yara da kaya, kujerar da ke gefena kaɗai ta rage.

Inna ta fito da butarta da mayafinta. Ta zagaya motar, ta ga inda ya rage, ta tsaya gaban tayar gaba.

Ta ce, "Taya, ce wa wancan ni ba na zama gaba."

Tayar ta juyo ta gaya mini.

Na ce, "Ce wa Inna in ba ta shiga ba, ba inda za mu."

Tayar ta kai saƙo ta dawo da amsa, ta sake kaiwa, har ta gaji ta fara sacewa. Inna ta ji tausayinta. Ta yi bismillah ta shiga ta zauna, ta ba ni baya, fuskarta na kallon ƙofa. Gefen mayafinta ya taɓa gwiwar hannuna. Rabona da in kusance ta haka tun ina goye.

Na shimfiɗa hanyar daga ƙofar gida na taka mota. Garuruwa suka riƙa matsawa gefe suna ba mu wuri. Wani dutse ya cire hularsa ya gaishe da Inna, ta amsa masa har da tambayar iyali. Yara na ihu a baya, rijiyar Malam Tasi'u na ta kwarar da ruwa a cinyar Hansatu. Inna ta ce wa madubi ya ce wa wancan ya rage gudu. Da na rage, ta ce wa madubin ba haka sosai ba.

Sai ga iyaka. Igiya ce kawai an ɗaura mata tsummoki, da wata jimina mai hular ma'aikata tana gadi. Na miƙa fasfo, ta haɗiye shi ta ce ya yi gishiri.

Ta ce, "Nan ba a tsallakawa da takarda. Wani ne zai tsaya a can ya kira sunanka."

Ta dubi Inna ta sara mata. "Baba ta wuce. Ta girmi iyakar."

Inna ta ɗaga igiya ta wuce, ta tsaya a wancan gefen. Ta ce Hansatu, sai ga Hansatu kusa da ita. Ta ce Walida, ta ce Sadiku. Ta kira ƙuliƙuli da daddawa, ta kira rijiya. Motar ma ta raɗa mata suna nan take, ta ce Jatau, motar ta tsallaka tana kaɗa bindi. Aka bar ni ni kaɗai a tsaye da sitiyari a hannu.

Hansatu ta ce, "Baban Walida." Ban motsa ba. Ta runtse ido ta buɗe baki za ta faɗi na gaskiyan, sai tattabara ta fito daga bakin ta tashi. Yara suka ce, "Baba," sai wasu tsofaffi suka fito daga daji suka tsallaka suna godiya. Walida da Sadiku ba su ma san ina da wani suna ba.

Inna ta kalli ƙasa ta ce, "Wancan."

Wani mai sayar da rake ya tsallaka.

Na ce wa jiminar, "Ni na san sunana, in faɗa?"

Ta ce, "Mutum ba ya kiran kansa."

Rana ta yi ja. Na waiwaya na hango akuyar kasuwa tana tahowa tana naɗe hanyarta, duwatsu da garuruwa suna shigewa cikin bandir ɗaya bayan ɗaya. Na san in ta iso, har da ni za ta naɗe, a mayar da ni can saman kantar rumfarta. Tsoro ya kama ni, amma ba tsoron naɗewar ba. Tsorona shi ne Inna ta gwammace a naɗe ni da ta faɗa.

Na ce, "Inna, ku tafi. Tekun na nan gaba kaɗan, Hansatu ta iya mota."

Inna ba ta ce wa taya komai ba, ba ta ce wa madubi ba. Ta kamo gefen mayafinta, inda take ƙulle goro. A bayan ƙullin goron akwai wani ƙulli ƙarami, ya yi baƙi don daɗewa. Ta sa yatsa ya ƙi, ta sa haƙori ta kwance. Abin da ke ciki bai fi ƙwayar gero ba, yana ƙyalli, sabo fil.

Ta ce, "Tun ranar suna yake nan. Kowa na ta jan nasa har ya koɗe. Ni na ce wannan ba za a tsufar mini da shi ba."

Ta sa shi a baki. Ta ɗago ta kalle ni cikin ido.

"Munzali. Taho mu tafi, rana na faɗuwa."

Igiyar ta tsinke da kanta. Jimina ta yar da hula, tsofaffin nan suka ɗauke ni a kafaɗa suka dire ni a kujerata. Akuya ta zauna kan bandirinta ta ce ta bar mini hanyar kyauta. Na mayar da sitiyari na taka Jatau, teku ya taso yana gudu a gefenmu yana neman tsere, muka bar shi a baya yana haki. Inna ta juyo gaba sosai, mayafinta na tashi a iska, tana dariyar da ban san tana da ita ba.

Ta ce, "Munzali, wuce wancan jirgin ruwan."

Na wuce shi.

"Munzali, iyakar gudunta ke nan?"

Ina kuka ina ƙara wuta. Igiyar ruwa na zuwa bakin gaɓa tana shar, shar, shar.

Na farka, ashe tsintsiya ce. Inna ce ke sharar tsakar gida a bakin tagata, kamar kullum, duk da mun hana ta. Na fito na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Idona ya sauka a gefen mayafinta. Ƙulli biyu ne. Ta ga inda nake kallo, ta sa hannu ta rufe ƙaramin.

Ta juya wajen Walida da ke wanke baki a bakin famfo.

"Ke, gaya wa wancan in tafiyar nan tana nan, ni gaba zan zauna. Baya jiri take sa ni."