Wayar Hon ɗin Tsoho

"Mayar da ita cikin sitiyari kawai, yadda kamfani ya yi ta," in ji ɗan Tsoho. "Mai sayen motar ba ya son ƙari ko ragi."

Mai wayarin, mai gyaran wutar mota, ya bi wayar hon ɗin da kallo. Shi ya zaro ta daga sandar sitiyari bara, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa maƙwabcinsa Tsoho magana. Ya ja ta daga tsakar gida, ta taga, har bakin gado, ya sa mata madanni. In Tsoho na son ruwa ko a juya shi, sai ya danna, tsohuwar motar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gogewa ta yi kira a madadinsa.

"To da me zai kira ku?" in ji mai wayarin.

"Haba Baba, ai muna gida. Ƙarar nan ma ta ishi kowa. Zan sayo masa ƙararrawa."

Mai wayarin ya so ya ce a'a. Amma mota ba tasa ba, uba ba nasa ba, ga mai saye tsaye yana shafa fitila yana washe baki. Ya kwance murfin sitiyari, ya kankare zoben tagullar da ya yi baƙi, ya zura sabuwar waya ta cikin sandar. Tsohuwar kuwa ya datse ta da filaya a gindin taga. Bai ɗaga kai ba, don ya san Tsoho na kallonsa.

Abin takaici, aikin ya yi kyau. Mai saye ya danna hon ya ji daɗi, ya ja motarsa.

Ƙararrawa ba ta zo ba. Washegari ɗan ya fita harkokinsa, matarsa na wanki a bayan gida ta ƙure rediyo. Sai da ta kai abincin rana aka ji ihunta.

Da mai wayarin ya shiga, ɗan yana ce wa maƙwabta, "Cikin barci ya tafi, ko motsi bai yi ba."

Ya durƙusa ya gyara wa gawar hannu. Madannin na damƙe a tafin Tsoho, robarsa ta lotsa ta ƙi dawowa. Da ƙyar ya ɓamɓare yatsun, zuciyarsa na ƙuna.

Ya soma naɗe wayar a hannunsa. Ta biyo shi ba nauyi, har yankakken bakinta ya faɗo daga taga.